Filin Jama'a, Farashin Attajirai: Batun Jigawar St Andrews

Mun sani sarai akwai ɗan'uwa ɗalibi da zai ga kan wannan magana ya taɓe baki, ya ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mai fafutukar kuɗin makaranta da wasan golf? Ba mu ga laifinsa ba. Golf ɗin da muka tashi muka tarar a Kano da Kaduna da Zariya da Jos, wasa ne da Turawan mulkin mallaka suka kafa wa kansu a gefen unguwanninsu, da suka tafi kuma manyan ma'aikata da hafsoshi da attajirai suka gaje shi. Ɗan talaka in an gan shi a irin wannan fili, to, jakar sanduna ya shiga ɗauka. Saboda haka ne muke so mu ja hankalin masu karatu zuwa inda wasan ya yi wayo, domin a can labarin ya sha bamban, kuma a can ne ake wata jayayya wadda ta fi ƙarfin ƙwallo da sanda, watau idan an ce abu na jama'a ne, me jama'ar za su gani a ƙasa?

St Andrews wani ƙaramin gari ne a bakin teku, a gabashin ƙasar Sikotland, cikin lardin Fife. Mutanensa ba su kai 20,000 ba, kaso mai yawa daga cikinsu kuwa ɗalibai ne irinmu, gama a nan ne jami'ar da ta fi kowace tsufa a ƙasar take, wadda aka kafa a 1413. A gefen garin akwai wata jigawa da ta miƙe tsakanin teku da bakin kogin Eden, ƙasa mai yashi da tuddai da sarƙaƙƙiyar ƙaya, wadda ba ta noma, sai kiwon tumaki da shanyar wanki. A kan wannan jigawa ne filin da ake kira Old Course yake, watau Tsohon Fili. An yi gasar Open, wadda ta fi kowace babbar gasar golf daɗewa, har sau 30 a kansa daga 1873 zuwa 2022, an kuma tsai da 2027 don komawarta. Duk wanda ya taɓa riƙe sandar wannan wasa, daga Amurka har Japan, burinsa ya taka wurin ko sau ɗaya ne kafin ƙarfi ya ƙare. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne filin ba mallakar wata ƙungiya ba ne. Katafaren ginin dutsen nan na ƙungiyar Royal and Ancient da ake gani a hotuna yana tsaye ne a bakin fili kawai. 'Yan ƙungiyar suna da lokutan wasa da aka keɓe musu, amma ƙasar ba tasu ba ce. Har ma akwai wata hanyar mota ta kowa da kowa da ta ratsa ramin farko da na ƙarshe ta nufi bakin teku, tilas mai wasa ya dakata sai mai keke ya wuce.

Wannan haƙƙi ba daga sama ya faɗo ba, kuma tarihinsa ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A 1457 Sarki James na Biyu ya sa majalisa ta hana golf da ƙwallon ƙafa, don sun ɗauke hankalin samari daga koyon harbin kibiya, abin da ke nuna mana cewa tun a wancan zamani wasan na talakawan da ake ɗiba zuwa yaƙi ne. A 1552 Akbishop John Hamilton ya sa hannu a wata takarda da ta ba shi damar kiwon zomaye a wani sashe na jigawar, a cikinta kuma ya tabbatar wa mutanen gari 'yancinsu na yin golf da ƙwallo da sauran wasanni a wurin. A 1754 manyan mutane 22 suka kafa ƙungiyar da daga baya, a 1834, ta sami sunan Royal and Ancient. Su ne a 1764 suka ga ramukan farko sun yi gajarta, suka haɗe su, zagaye ya sauko daga ramuka 22 zuwa 18, adadin da duniya duka ta ɗauka har yau.

Sa'an nan sai abin da muka saba gani ya faru. A 1797 majalisar gari ta nutse cikin bashi, ta waiwaya ta ga ba ta da kadarar da ta fi jigawar, filin ya fita daga hannunta. Cikin shekaru biyu ya faɗa hannun wasu 'yan kasuwa, uba da ɗa, masu suna Dempster, waɗanda suka ga cewa fatar zomo da namansa sun fi wasan mutanen gari riba. Zomaye suka haƙe wurin suka mai da shi kamar rariya. Mutanen gari suka kai ƙara, a 1805 kotu ta ba su ikon kashe zomayen, shari'a ta yi ta ja har gaban majalisar dattawa a Landan, ba a huta ba sai 1821 sa'ad da wani mai gonaki a makwabta, James Cheape, wanda shi ma ɗan wasa ne, ya saye ƙasar ya kori zomaye. A lura da kyau: abin da majalisa ta sayar cikin sauƙi don ta toshe bashi, sai da aka yi shekara kusan ɗari kafin ya komo hannun gari, da wata doka ta musamman a 1894. Da aka zo rushe ƙananan majalisun garuruwa kuwa, sai mutanen St Andrews suka ji tsoron kada filinsu ya narke cikin lalitar wata babbar hukuma ta nesa, aka yi wata dokar a 1974 wadda ta kafa hukumar amintattu ta St Andrews Links Trust, aka ɗora mata amanar riƙe jigawar a matsayin wurin shaƙatawar mutanen gari da baƙinsu. Ita ke riƙe da shi har yanzu, tare da sauran filayen da aka yi ta ƙarawa, har jimillarsu haɗe da shi ta kai bakwai a 2008.

To, amana ce. Tambayarmu ita ce yaya aka riƙe ta.

Bari mu fara da inda babu gardama. Ran Lahadi ba a wasa a Tsohon Fili, sai fa in wata babbar gasa ta faɗo a ranar. Akan buɗe shi ga kowa, iyali su fito da yara da karnuka, ɗalibai su baje a ciyawar da zakarun duniya suka yi gumi a kai, ba wanda zai tambaye ka sisi. Wannan al'ada ta samo tushe daga tsananin kiyaye ranar ibada irin na mutanen ƙasar, kuma tsohon mai kula da filin, Tom Morris, ya kāre ta da hujjar cewa ko 'yan wasa ba sa bukatar hutu, ƙasa tana bukata. A yi lissafi: rana guda cikin bakwai, a filin da ake sallamar mutum huɗu-huɗu kowane minti goma, kowannensu da ɗaruruwan fam a hannu. Hukumar da ta iya kau da kai daga wannan kuɗi mako bayan mako ta cancanci yabo, muna kuma yaba mata ba tare da ƙyashi ba. Haka nan filin bai taɓa zama na maza kaɗai ba. Tun 1867 matan garin suka kafa ƙungiyarsu ta gara ƙwallo a wani lungu mai tuddai da ake kira Himalayas, inda har yau yaro da tsohuwa za su yi wasa da 'yan fam kaɗan. Ita kuwa Royal and Ancient, sai ran 18 ga Satumba 2014, bayan shekara 260, ta yarda mace ta zama 'yar ƙungiya. Filin jama'a ya riga ɗakin manya sanin adalci da nisa.

Batun lafiyar filin kansa shi ne inda baƙi suka fi yin kuskure. Mutum ya saba ganin filayen Amurka a talabijin, kore shar kamar an shafa fenti, da tafkuna da furanni, ya biya kuɗin jirgi ya zo, sai ya tarar da wani fili shimfiɗaɗɗe, ba bishiya ko ɗaya, ciyawa ta yi ruwan ƙasa, ƙasar kuma da tauri kamar daɓe, iska tana kaɗa shi ta kowace fuska. Sai ya ce an cuce shi. Alhali kuwa wannan shi ne ainihin kayan. Ciyawar jigawa siririya ce mai zurfin saiwa, yunwa da ƙishirwa ne ke raya ta. In aka cika mata ruwa da taki sai wata ciyawa mai laushi ta mamaye ta, ƙwallo ya daina gudu, wasan ya zama wani abu dabam. Tom Morris, wanda aka ɗauka aikin kula da filin a 1864 a kan fam 50 a shekara, aka miƙa masa baro da shebur, ya yi kusan shekara arba'in a kai, kuma maganinsa na kusan kowace cuta shi ne a barbaɗa yashi. Shi ya sassare ƙayar ya faɗaɗa hanya, shi ya gyara dandalin ramin ƙarshe wanda ake kira da sunansa. Masu kula da ciyawa a duniya har yau barbaɗa yashin nan suke yi, da injuna maimakon shebur. Mu da muka ga filayen ƙasarmu inda aka daɗe ana cakuɗa yashi da baƙin mai a daɓe kewayen rami saboda ƙarancin ruwa, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani cewa fili yana bin halin ƙasarsa ne.

Tsarin wurin ma ba irin na ko'ina ba ne. Ramuka 14 daga cikin 18 suna tarayya ne a manyan dandali bakwai, biyu-biyu, kuma in ka haɗa lambar kowane biyun sai ta ba ka 18: na 2 da na 16, na 3 da na 15, haka har zuwa na 8 da na 10. Akwai tarkon yashi 112, waɗansu ba a ganinsu sai an faɗa, da bango a tsaye na yankakkiyar ciyawa da aka jera kamar tubali, wanda tilas a riƙa rushewa ana sāke ginawa da hannu bayan 'yan shekaru. A rami na 17 ne wani ɗan Japan, Tommy Nakajima, yana cikin masu neman kambu a 1978, ya gara ƙwallonsa ya zarce cikin tarko, sai da ya yi bugu huɗu kafin ya fita, ya tashi da tara a rami guda. Tiger Woods kuwa a 2000 ya yi kwana huɗu yana wasa bai faɗa ko ɗaya ba. Muna kawo wannan ne don a san irin hannun da wurin ke ci. Ana buga zagaye fiye da 200,000 a shekara a filayen jigawar, teku kuma tana cin gaɓa, har guguwar 2010 ta yi wa tuddan yashin da ke kāre filin ɓarna mai yawa, aka shiga aikin farfaɗo da su na shekaru. Wanda ya ce a bar irin wannan wuri kyauta bai san abin da yake faɗa ba.

Amma fa tsakanin kyauta da fam 340 akwai tafiya.

Har zuwa 1913 ba a karɓar ko kwabo daga kowa a Tsohon Fili, mutanen gari kuma sun ci gaba da wasa kyauta har 1946. A 2021 baƙo yana biyan fam 195 a lokacin bazararsu, wanda shi ne lokacin cunkoso. A 2022, shekarar da aka yi gasar Open ta 150, wadda ta tara 'yan kallo 290,000, kuɗin ya yi tsalle zuwa fam 270. A 2023 ya zama 295, a 2024 ya zama 320, a 2025 ya kai 340. Watau cikin shekara huɗu an ƙara kusan kashi 75 cikin ɗari. Mafi ƙarancin ladan awa guda ga babban ma'aikaci a Birtaniya a Afrilun 2025 ya kasance fam 12.21. Mai wanke kwanuka a otal-otal ɗin da suka kewaye filin sai ya yi aikin awa kusan 28, kwana uku da rabi ke nan, bai ci ba bai biya haya ba, kafin ya tara kuɗin yawon awa huɗu a filin da doka ta ce na shaƙatawar jama'a ne. Wannan kuma ban da ladan ɗan dakon sanduna, wanda baƙon da bai san inda tarkuna suke ba da wuya ya iya yi ba tare da shi ba.

Masu kāre hukumar suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce, don haka za mu kawo ta yadda take. Sun ce, na ɗaya, mazaunin garin yana sayen tikitin shekara guda cur, na dukan filayen, a kan kuɗin da bai wuce na zagaye ɗaya na baƙo da wani abin kirki ba, ɗaliban jami'ar ma suna da nasu tikitin mai rahusa; ashe kuɗin attajirin Amurka ne ke ɗauke wa ɗan gari nauyi. Na biyu, hukumar ba ta da masu hannun jari da za a raba wa riba, tana buga lissafinta kowace shekara, rarar kuma cikin filayen take komawa. Na uku, masu nema sun ninka guraben da ake da su, ko an rage kuɗi ba za a ƙara awa a yini ba. Sa'an nan su ce a dubi na wasu: Pebble Beach a Amurka ya haura dala 600, Turnberry a yammacin Sikotland ya kai fam 1,000 a wasu lokuta na 2025.

Hujja ta farko mun karɓe ta, har muna cewa ita ce mafi kyawun abin da ke cikin tsarin, kuma muna taya ɗaliban can murna. Ta biyu ma ba mu musa ba. Ba mu ce wani yana sata ba. Ta ƙarshen ce muka ƙi. Pebble Beach da Turnberry na 'yan kasuwa ne, an saye su ne don su haifi riba, ba wanda ya taɓa yi wa jama'a alkawarin kome a kansu. Ranar da mai riƙon amana ya fara auna kansa da ma'aunin ɗan kasuwa, ya ce ai ni nawa da sauƙi, to, ya riga ya manta dalilin da ya sa aka ba shi mabuɗi. Dempster ma da za a tashe shi, zai iya kawo lissafi mai kyau a kan zomayensa.

Kuma wane ne jama'ar? Nan ne gizo ke saƙar. Birnin Dundee bai kai mil 15 daga St Andrews ba, birnin masaƙu da ma'aikata ne tun asali. Ɗan Dundee in ba shi da tikitin shekara, farashinsa ɗaya da na mai jirgin sama na kansa. A daidai shekarun da kuɗin Tsohon Fili ke hawa, filayen golf na hukumar birnin Dundee, inda mai ritaya da ɗan makaranta ke wasa da kuɗi kaɗan, rufe su ake yi: na Camperdown a 2020, na Caird Park a 2025, duka da hujjar ba sa riƙe kansu. Ga fili ɗaya yana ambaliya da kuɗi, ga na makwabta suna mutuwa da ƙishirwa, duka kuwa sunansu na jama'a. Mun san doka ba ta ɗora wa amintattun St Andrews nauyin Dundee ba. Amma wasan da ya zama na masu kamun kifi da masaƙa shekaru ɗaruruwa yana komawa abin da muka sani a nan gida, na masu hannu da shuni, kuma filin da ya fi kowane ikon tsai da wannan juyi yana cikin masu tura shi.

Hukumar kanta ta ji wannan ƙorafi. A 2025 ta fito da wani shiri na ba mazauna Sikotland wasu gurabe da rangwame mai yawa, inda aka buga Tsohon Fili a kan fam 42.50, kashi ɗaya cikin takwas na kuɗin baƙo. Madalla. Sai dai guraben ba su kai ɗari biyu ba a filaye huɗu, na Tsohon Filin kuwa 'yan ƙalilan ne daga ciki, masu nema kuma dubbai. Wannan ya tabbatar da abu biyu: cewa mutanen ƙasar suna so, kuɗi ne ya kore su, kuma cewa hukumar tana iyawa in ta ga dama. Abin da ake bayarwa yau a matsayin alheri, kamata ya yi ya zama ƙa'ida rubutacciya, da kaso sananne na guraben kowane mako, wanda ba zai dogara ga halin shugaban da ke kan kujera ba.

Game da yadda ake samun gurbi, tsarin yana da kyau da muni a cakuɗe. Kusan rabin lokutan wasa ana raba su ne ta ƙuri'a: mutum biyu zuwa huɗu su ba da sunayensu kwana biyu kafin ranar, da shaidar cewa sun iya wasan daidai gwargwado, a jefa, wanda ya ci ya ci. A gaban wannan ƙuri'a minista da makanike ɗaya ne, kuma ba mu san wata hanyar rabon abin da bai isa ba da ta fi ta adalci. Amma a gefenta akwai wata ƙofar, inda kamfanonin yawon buɗe ido ke samun tabbatattun gurabe su haɗa da ɗakin otal da mota su sayar a kan dubban fam. Mai kuɗi ba ya jiran sa'a. Duk gurbin da ya bi ta wannan ƙofa an cire shi ne daga tukunyar da kowa ke sa hannu, kuma a ganinmu nan ne ya kamata a fara datsewa. Akwai kuma tsohuwar al'adar mai zuwa shi kaɗai, wanda kan kwana a layi a bakin rumfar sallama cikin sanyin tekun arewa, da fatan a cike da shi gurbin da ya ragu da safe. A 2024 aka soke kwanan layi, aka mai da shi ƙuri'a ta na'ura wadda ake shiga kwana guda kafin wasa. Mu da muka san zafin layin rajista ba za mu yi kukan rashin layi ba, kuma tsoho mai shekara saba'in bai kamata ya kwana a waje don wasa ba. Duk da haka a faɗi gaskiya, layin nan shi ne wuri ɗaya da haƙuri ke sayen abin da kuɗi ke saye, haƙuri kuwa shi ne jarin da marar kuɗi ya fi kowa tarawa.

Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Wanda ya karɓi fam ɗari uku da ɗoriya ya ɗauki alkawarin da mai karɓar sule bai ɗauka ba. Daga Nuwamba zuwa Maris ana sa mai wasa ya riƙa ɗora ƙwallonsa a kan 'yar tabarmar roba don kada ya ƙwaƙule ciyawa, kuma ana rage kuɗi a lokacin; wannan daidai ne. Amma cunkoson bazara fa? Ana son a gama zagaye cikin awa huɗu, a filin da ake tarayya a dandali, inda hanyar rami na 7 da ta na 11 suka gicciye juna, kowa kuma yana son tsayawa ɗaukar hoto. A gasar 2022 gwanayen duniya kansu sun haura awa shida a zagayen farko. Baƙon da ya tara kuɗin shekaru don wannan rana guda, ga masu sa ido suna ƙorar sa ya yi sauri, ga na gaba sun tsare hanya, yana da haƙƙin ya tambaya ko yawan mutanen da ake turawa an auna shi ne da abin da fili zai ɗauka ko da abin da asusu ke so.

Tsoronmu mafi girma ma shi ne farashi yakan sāke halin kayan da aka sa masa. Mai biyan kuɗi da yawa yana zuwa da bukatunsa, mai karɓa kuma a hankali yakan fara gyara wuri don idon mai biya. An ga alamar haka a Fabrairun 2023. Akwai wata 'yar gadar dutse a kan rafin Swilcan a rami na ƙarshe, wadda makiyaya suka yi ta ƙetarawa da tumaki shekaru ɗaruruwa kafin ta zama wurin da zakaru irin su Jack Nicklaus ke tsayawa su yi ban kwana, kamar yadda ya yi a 2005. Ƙafafun masu ɗaukar hoto sun cinye ciyawar bakinta, sai hukumar ta shimfiɗa wani da'irar daɓen duwatsu a wurin, kamar farfajiyar gidan sabon attajiri. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Hotuna suka bazu, duniyar golf ta yi ca, har da tsofaffin zakaru irin su Nick Faldo, cikin 'yan kwanaki aka tone daɓen aka mai da ciyawa. Mun yaba da saurin janyewar. Amma mun lura cewa kukan da ya tone duwatsu cikin mako guda kukan mashahurai ne a kan abin da ido ke gani. Kukan ɗan Fife da ɗan Dundee a kan farashi ya shekara nawa ana yi, abin da ya samu shi ne gurabe ƙasa da ɗari biyu.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, a bar baƙo mai hali ya biya da tsada, ba mu da ja a kan wannan, tun da kuɗinsa ne ke gina bangon tarkuna yana tare teku. Amma a ɗaure ƙarin kuɗin da wani ma'auni da kowa zai iya dubawa, kamar tashin albashin ma'aikata, maimakon abin da kasuwa za ta iya jurewa. A rage rabon kamfanoni a mayar cikin ƙuri'a. A kafa wa mazauna ƙasar, da matasa da ɗaliban sauran jami'o'inta, kaso tabbatacce a farashin da mai albashin mako zai iya biya. Ranar Lahadi kuma kada a kuskura a taɓa ta, ko da wane irin lissafi aka zo da shi, domin lalle za a zo da shi. Gasar 2027 tana tafe, kuma an ga abin da ta 2022 ta yi wa farashi.

Ga 'yan'uwanmu ɗaliban St Andrews, masu riƙe da tikiti mai rahusa a aljihu, muna cewa kada araha ta rufe musu baki. Suna zaune ne a kan haƙƙin da wasu suka yi shekara goma sha shida suna shari'a da masu zomaye a kansa, kuma mafi yawansu bayan shekara huɗu za su bar garin su koma layin baƙi, inda za a karɓi fam ɗari uku da arba'in ko fiye daga hannunsu. Ƙungiyarsu tana da murya a garin da kaso mai yawa na mutanensa su ne. Lissafin hukumar a buɗe yake ga mai son karantawa, sai su ɗauko na 2021 da na 2025 su ajiye gefe da gefe, su tambayi amintattu gurbi nawa ne cikin ɗari ya tafi ga ƙuri'a, nawa ga kamfanoni, nawa kuma ga mutanen da ke iya hango jigawar daga tagar motar haya.